Rim Lamba Ashirin da Biyu

"Cire wa motata rim sha shidan nan, sa min ashirin da biyu," in ji Naziru. "Yau zan sace zuciyar Adawiyya."

Mai sayar da rim, wato ƙarfen tsakiyar taya, ya tafa. "Oga, duk Saminaka sai an leƙo!"

Rabin hanya, siraran tayoyin suka nutse a taɓon damina. Wani saurayi mai huɗa ya ɗaure motar a shanunsa, ya ja ta har ƙofar gidan su Adawiyya.

Ta fito, idanunta na ƙyalli. Naziru ya hau goge rim da hularsa.

"Masha Allah, wannan kyau haka!" Ta wuce shi, ta shafa tozon bijimin. "Malam, duka naka ne? Shigo zaure ka sha fura. Naziru, riƙe masa shanun."