Sifirin Ya Gaji

Kwanson harsashin ya maƙale a cikin bindigar, sai da Bhekizizwe ya zura ƙarfe ta baki ya tunkuɗo shi. Da hagu yake aiki yanzu. Hannun dama ya mutu tun bara, ranar da wani mai hular kwano ya harbe shi a ƙofar gidansa ya gudu a babur. 'Yan sanda sun zo sun leƙa, ba su tsinci ko kwanso ba, suka sha shayin matarsa suka tafi. Har yau idan ya tuna sai ransa ya ɓaci.

Bindigar ta ƙanensa ce, Sphelele, wanda ke zaune a kan benci a shagon Bhekizizwe yana cin fanke, yana shafa mai a wando. Shi ke kula da motocin hayan da mahaifinsu ya bar musu a garin Empangeni na Afirka ta Kudu, sana'ar da ake kashe mutum a kan layin fasinja. Sphelele ya sha roƙon yayansa su sayar da layin ga ƙungiyar da ke matsa musu. Bhekizizwe ya ƙi, ya ce gumin tsoho ba na sayarwa ba ne. To, tunda shi ya ƙi, kuma ƙanen ne ke tsaye a tasha, dole bindigar nan ta tashi. Idan aka kashe Sphelele, shi ya jawo.

Bhekizizwe ya tambaye shi yadda bindigar take yi. Sphelele ya ce tana harba na farko lafiya, sai ta cije, na biyu ba ya shiga.

Bhekizizwe ya danne ta da gwiwa ya kwance. Ya duba ramin harsashi, babu tsatsa. Ya duba 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso, bakinta bai karye ba. Sai ya tura ta da farce, ta tafi laƙwas, ba ta dawo da ƙarfi ba.

"Sifirin ya gaji," in ji shi. "Abu kamar ƙwayar shinkafa, amma shi zai kai ka kabari. Kai da ko tukunya ba ka iya wankewa, wa ya aike ka riƙe bindiga?"

Sphelele ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa Allah ya ba shi yaya.

Sa sabon sifirin da hannu ɗaya azaba ce. Sifirin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur, Bhekizizwe ya durƙusa ya lalubo shi, gumi na zuba, ƙanen bai ko motsa ba. Da ya gama, suka fita bayan shago inda ya tara buhunan yashi. Ya harba har gidan harsashi ya ƙare, kwansuna na fita ɗaya bayan ɗaya. Rabon da ya ji daɗi haka tun kafin asibiti.

Ya miƙa masa, ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta. Sphelele ya cika ta a natse, ya leƙa ta katanga, layin babu kowa, ana ƙwalla rana.

"Ta daɗe tana yi maka haka?" Bhekizizwe ya tambaya yana tsintar kwansuna.

"Sau ɗaya ta taɓa ba ni kunya, Yaya," in ji Sphelele, yana ɗaga ta. "Bara, a ƙofar gidanka."