Numfashin Randa

Zauna, ɗana, tunda ka ce aikinka ya tsaya cik wai sai mai inji ya gama nasa. Bari in ba ka misalin wata mata a wani ƙauyen Maguzawa, can bayan duwatsu. Ba sana'arta nake tallata maka ba, hankalinta nake so ka duba.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, ba ta kuma da abin yi sai dafa burkutu, sana'ar da ta taras uwarta na yi. Dawa ita ce komai nata. Ita take jiƙawa ta yi tsiro ta dafa, ita take tuƙa wa yara tuwo, daga cikinta kuma take ware irin shuka. To, wata shekara ƙwari suka shiga mata hatsi. In ta kara kunne a jikin buhu sai ta ji suna ƙus-ƙus, in ta ɗebo da hannu sai gari ya zubo ta tsakanin yatsunta. Dawar da ƙwaro ya cinye wa ido kuwa ba ta tsira, ko a ƙwarya ko a gona. Wan mijinta yana da maganin ƙwari da abin fesawa, ta yi ta sintiri a ƙofar gidansa. Kullum amsarsa ɗaya: "Ki yi haƙuri, uwar 'yan mata, bari in gama da rumbuna." Ba mugunta ba ce, shi ma ƙwarin ne suka sa shi gaba. Ita dai takan dawo ta zauna a gaban buhunanta ta yi tagumi, tana ji da kunnenta ana cinye abincin 'ya'yanta.

Wata safiya ta ɗaga faifan da ta rufe babbar randa da shi, inda giyar ke tashi tana kumfa. Sai ta ga kyankyasai biyu a mace a kan kumfar. Ta sunkuya za ta kwashe su, wata iska marar launi ta doki hancinta, numfashinta ya sarƙe, ta ja da baya tana tari. Tun tana yarinya uwarta ke hana ta cusa kai cikin randa, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ran nan sai ta ƙyasta ashana ta zura a bakin randar. Wutar ta mutu nan take, kamar an tsoma ta a ruwa. Ta ce a ranta, "Ashe shekara da shekaru randar nan na numfashi, ni kuwa ina barin numfashin yana bin iska." Ita ce fa iskar nan da ke sa lemon kwalba ya yi tsiiit in an buɗe shi.

Ta fito da randar ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, don kada abin ya shaƙe yara a ɗaki. Ta juye dawarta cikin gangar roba, ta huda marfin tukunya ta kifa a kan randa, ta haɗa su da guntun tiyo, bakinsa har gindin gangar. Karon farko bai yi ba. Marfin na yoyo, da ta buɗe ta tarar ƙwarin na yawonsu, sai da ta share hawaye da bakin zane. A dahuwa ta gaba ta kwaɓa yumɓu ta liƙe kowace kafa, ta bar ƙaramin rami ɗaya a saman ganga. Da ta kara ashana a ramin ta ga ta mutu, ta san gangar ta cika da iskar randa, ta toshe shi. Bayan wasu makonni ta buɗe. Shiru. Ƙwarin duk sun bushe a ƙasa kamar baƙin yashi. Ta jiƙa tafi ɗaya na dawar a ƙwarya, ta rufe da ganye. Da lokaci ya yi ta ɗaga ganyen, ga fararen tsiro sun cika ƙwaryar. Ta ɗauke ta da hannu biyu ta bi gida-gida tana nuna wa matan unguwa, tana dariya tana kuka. Daminar nan 'ya'yanta ba su kwana da yunwa ba, gonarta ba ta kwana babu shuka ba. Daga nan duk ranar da za ta ɗora tukunya, sai ka ga ganguna jere a ƙofar rumfarta, masu gero da masu wake, har da na waɗanda ko ɗanɗana abin da take dafawa ba sa yi.

Saboda haka tashi ka koma gida ka duba abin da ke tsiyayewa a banza a tsakar gidanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.