Mai Awon Tarakta

Tun hantsi mutumin yake kwance ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani.

Lawwali malamin gona na tsaye a kansa yana yaƙe. Bayan samun 'yancin kai ne hukumar En'e ta turo shi Illela da ƙananan taraktoci biyu, ja da shuɗiya, ya buɗe gonar gwaji a Gidan Katta. Gobe Di'o, jami'in mulkin yankin, zai zo kallo. In garma ba ta shiga ƙasa ba, aikinsa ya tafi. Ga shi mai gonar da aka yanka domin gwajin, wani Maccido da Lawwali bai taɓa gani ba, ya rantse a tsakiyar kasuwa cewa sai dai motar ta bi ta kansa.

Shi ya sa da wannan ƙaton mai tumbi ya yi sallama yana son ganin motoci, Lawwali ya ji sanyi. Ashe dai akwai masu son ci gaba a garin nan!

Mutumin ya fito daga ƙarƙashin shuɗiyar yana nishi, riga duk baƙin mai. Ya auna daga ƙasa zuwa cikinta da taƙi, ya girgiza kai.

"Wagga shuɗiya ja da ciki takai. Mi as sa?"

"Tayoyinta ƙanana ne, ranka ya daɗe. Dubi na jar."

Ya duba kuwa. Ya rungumi tayar baya, ta kawo masa ƙirji. Ya auna tsakanin taya da taya da kamu, ya sake aunawa, sannan ya shige ƙarƙashi ya kwanta rigingine, ya daɗe har Lawwali ya zaci barci ya ɗauke shi. Bai tambayi kuɗinta ba, balle man da take sha. Garmar ma ko kallo ba ta ishe shi ba.

Aka kawo fura, ya kalle ta kamar zai yi kuka, ya ce ya ƙoshi.

"In ni na kai," in ji shi, "jar zan hitarwa gobe. Kuma a ƙara ma tayoyin iska. Ɗaga garma sama sai ka shiga tsakiyar gona."

Har famfon iskar shi ya buga da kansa, yana gumi.

Da safe Lawwali ya hau jar, Di'o na tsaye da lema, duk Gidan Katta ta fito. A bakin gona ya hango mutum kwance a kwarin kunya, hannuwa manne da jiki. Jama'a suka ɗauki salati: "Ga Maccido can!"

Lawwali ya taka birki, ya leƙa.

Mai tumbin jiya ya ɗaga kai, ya dubi tayoyin, ya ja cikinsa ciki iya ƙarfinsa.

"Madalla, jar ka kawo. To taho miƙe, malam, kada ka karkata."