Diyyar Ruwan Zafi

Tun da aljanu suka fito fili suka zauna da mutane a Kano, doka ta zama ɗaya: duk wanda ya watsa ruwan zafi a ƙasa bai ce "a gafara" ba, hannunsa ne diyya.

Yau da safe Rumasa'u ta manta. Ihun ɗan aljani ya cika Fagge, fatar bayansa ta saɓule.

Uwarta Tasalla mai ƙosai, wadda ko ƙadangare ta gani sai ta zura da gudu, ta hango uban yaron tafe, yana shinshina hannuwan mutane yana neman mai warin tururi. Wani mai shayi ya yi masa gardama, aljanin ya maka shi da bango, jini ya fantsama.

"Inna, ni ce fa," in ji Rumasa'u.

"Rufe min baki!"

Tasalla ta tsoma hannun damanta cikin tafasasshen ruwan koko, ta miƙa wa aljanin. Ya shinshina, ya fizge shi daga kafaɗa, ya tafi da shi.

Ta zube gefen murhu jina-jina.

"Ke, bar kukan nan ki juya ƙosan. Hannu biyu na bar miki."