Ƙaurin Tsohuwar Tabarma

Ina shekara tara, wata rana bayan la'asar, na cinna wa tsohuwar tabarma wuta a gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda. Baba ya fito, na zaci zan sha duka. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana shaƙar hayaƙin.

"Haka ƙauyen nan ya yi ƙauri," in ji shi.

Kafin mu zo Jidda, direban babbar mota ne a kudancin Sudan lokacin yaƙi. Ya ce a wani ƙauye ya tarar an ƙone bukkoki, mutane suna ɗaga masa hannu.

"Baba, kun ɗauke su?"

"Na ɗauki iya cikin motar, 'yata. Sauran har yau ina ganin su tsaye a bakin hanya. Halas, ya isa, kawo ruwa mu kashe wutar."

Yanzu na tsufa. In ina yi wa Baba addu'a, nakan haɗa da mutanen nan, ko da yake ban san sunan ko ɗaya ba.