Ɗan Gwarin Da Bai Taɓa Cin Bashi Ba

Ka ce za ka kwashe jarinka kakaf ka sayi mota kuɗi hannu, don kada a ce wani na bin ka. To zauna, ƙanena. Ni ban yi boko ba, a tasha na yi nawa karatun, kuma maganar nan taka tun ɗazu take cin raina.

An yi wani ɗan gwari mai sarin tumatir a gonakin rani yana kaiwa kudu. Yadda ake tsoron maciji a ɗaka, haka yake tsoron bashi. Ko kwando bai taɓa ɗauka a kan sai na dawo ba. In manomi ya ce masa ɗauki kaya, in ka sayar ka kawo, sai ya haɗe rai kamar an zage shi. Mai taya, mai baƙin mai, bakanike, kowa nan take yake sallama, ya kaɗe riga ya wuce. Da ya tashi sayen babbar motar kaya a madadin 'yar tsohuwar da yake fama da ita, dillali ya ba shi shawara ya biya rabi, sauran ya riƙa kawowa bayan kowace tafiya, ciniki ne a fili ba kuɗin ruwa, shi kuma ya bar wani abu a hannunsa saboda halin hanya. Ya ƙi. Ya haɗa jari da ajiyar shekaru da kuɗin shanun nomansa, ya zube, ya karɓi makulli. Abin da ya saura ya yi lodi da shi, ya sha mai, aljihu ya koma fayau. Motar ta wuce Kaduna ke nan, rana tsaka, sai inji ya buga. Bakaniken bakin hanya ya leƙa, ya goge hannu, ya ce wannan sai wani injin. Shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Kafin la'asar kwandunan ƙasa sun fara tsiyaya, jan ruwa na ɗiga a kan kwalta, mutumin nan yana zagaya mota yana danna na sama da yatsa ya ji ko sun yi laushi.

Sai ya buga wa wani mai sayar da injuna a Kano waya, ya roƙi a ɗoro masa inji, in ya sauke kaya ya biya. Mai injin bai ce a'a ba. Cewa ya yi a haɗa shi da mutum ɗaya da ya taɓa bin sa bashi ya biya. Ɗaya tak. Ɗan gwari ya shiga kiran mutane, gumi na karyo masa. Manomin da suka fi daɗewa tare ya ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Amma ban taɓa bin sa ko sisi ba, to me zan shaida?" Mai taya ya faɗi haka. Bakanikensa ma sai da aka kwatanta masa fuska kafin ya gane wa ake nufi, don wanda ya biya ya wuce ba a riƙe sunansa. Kowa na yabo, ba mai tsaya masa. Abin da ya fi ƙona rai, akwai wani direba da yake yi wa dariya yana kiran sa maci bashi, mai ɗaukar taya ya biya duk Juma'a ba fashi. Wannan da waya ɗaya ake ɗoro masa inji, har a ce ya gaida gida. Shi kuwa namu sai da ya aika aka karyar da gonar gadonsa a wulaƙance. Kafin kuɗin su iso, kafin injin ya iso, kayan sun zama ruwa, wari ya hana masu abinci na gefen titi ciniki. Da guntun abin da ya rage ya biya 'yan dako suka juye lodin a rami, mota ta juyo gida da kwanduna fanko.

Kada ka je ka ce na ce ka ɗauko abin da ya fi ƙarfin wuyanka, don in ka yi haka ni zan fara zagin ka. Cewa na yi ka karɓi kaɗan tun ba ka matsu ba, ka mayar tun ba a aiko ba, mutane su san hannunka. Ranar da inji ya buga ba ranar neman mai shaida ba ce. Mutanen da sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.