Yatsun Baba a Kafaɗata

Dab da samun 'yancin kai, Baturen da Baba yake yi wa kuku ya bar masa garmaho da faifai guda: kiɗan rawar Jamusawa, gogensu da fiyano. Da la'asar Baba ya kunna shi a zaurenmu na unguwar Wunti, ina jingine da jikinsa.

Baba makaɗin goge ne a da. Inna ta roƙe shi ya daina kafin ta rasu, ya rataye gogen. Da kiɗan ya fara, sai na ji yatsunsa suna tafiya a kafaɗata kamar kan tsirkiya.

Na ce, "Baba, in ɗauko maka gogenka?"

Ya ce, "Na yi wa innarki alkawari."

Faifan ya ƙare, yatsun ba su tsaya ba. Yau na haura shekarunsa, amma in kewa ta taso, kafaɗar nan nake dafawa.